Ban Mi, Burodin Matar Saigon

Wata biyu ke nan da dawowarmu, har yanzu ba a bar ni na huta ba. Duk wadda ta shigo gidanmu, in ta karɓi dabino da ruwan Zamzam ɗinta, sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya Salame, ba mu labari." Ina tsakiyar labarin wata ta yi sallama, in koma farko. Wasu kuma na san ba Makka ce ta kawo su ba. Sun ji an ce ɗiyar Malam Idi ta dawo da firgita, in aka biyo ta baya sai ta zabura, shi ne suka zo ganin ido. To gaskiya ne, kun gani. Ga labarin na rubuta a ragowar littafina na lakwal, wato makaranta, ku karanta ku miƙa wa ta gaba.

Mu uku muka tashi daga Maraɗi: ni, da Kaka Habsu mahaifiyar babana, da Baffa Isuhu ƙanensa. An ɗauke ni ne don in kula da tsohuwa, in kuma karanta takardu, tunda an ce na yi sakandare. A tasha, mota na ƙugi, Baba ya ja ni gefe ya ce, "Salame, uwata na ba ki. Ki maido mani ita." Bai faɗa wa ƙanensa haka ba, don ya san shi.

Ku da kuka san Baffa ba sai na yi bayani ba. Shekara uku ya yi yana yi wa Faransa yaƙi a Indoshin, can wajen Saigon, ya dawo da rigar kaki guda da labari buhu goma. Daga Kano zuwa Yarwa, daga Yarwa zuwa Fallomi, babban birnin Cadi, muna saman kaya a bayan babbar mota, babu wanda ya tsira. "Mutanen can," in ji shi, "ƙanana ne kamar yara. Mace ta yi maka murmushi, wuƙa na cikin hannun rigarta. Kafin ka ce bonzur ta gama da kai." Ya ce harshe bakwai yake ji. Ikon Allah, duk iyakar da muka isa sai a tarar ba ko ɗaya cikin bakwai ɗin ake yi a wurin ba. Sai ya ce, "Salame, je ki gwada, in ga ko lakwal ta yi amfani."

A Adare, iyakar Cadi da Sudan, aka sauke mu aka ce kowa ya buɗe kayansa. Jandarman da ya zo kanmu ya ɗaga murfin akwatin Kaka, ya sa hannu ya fito da farin ƙyalle a naɗe, ya gane likkafani ne, ya mayar da sauri yana ba da haƙuri. Wannan bai dame ni ba, tsofaffi da yawa na tafiya da nasu su wanko shi da Zamzam. Abin da ya dame ni, ban da likkafanin da zane biyu da buta, babu komai a akwatin. Nan na tuna ta raba awakinta kaf kafin mu taho, har da tukunyar da ba ta ba kowa aro.

Na ce, "Kaka, ina sauran kayanki?"

Ta ce, "Ke 'yar lakwal, komi sai kin ƙirga? In Allah na so na, can za shi riƙe ni."

Tun daga wannan rana na san ni da ita ba tafiya ɗaya muke yi ba.

Faransancin da na sha bulala a kansa shekara da shekaru, a Adare ya mutu. Muna shiga Janaina na zama kurma kamar kowa. Abincinsu wani abu ne kisra, falle-falle, da tsami. Kaka ta ɗaga ɗaya ta hango rana ta cikinsa ta ce, "Koko ne aka shanya ya bushe." Amma ta cinye uku, ku riƙe wannan, tsohuwar tana son tsami. A Lubayya muka hau jirgin ƙasa, a Sawakin aka tsare mu a sansani aka yi mana allurai kamar mun yi laifi, sannan jirgin ruwa. Gwarzon da ya ƙetare teku har Saigon shi ya fara kwanciya. Kwana biyu yana rungume da bokiti yana kiran sunan uwarsa, uwar kuwa na zaune kusa da shi tana jan carbi, ko gezau.

Aikin Hajji ba zan yi masa ba'a ba. Ranar da na fara ganin Ka'aba na manta duk addu'ar da na haddace a hanya, kuka kawai na yi. Wannan nawa ne, ba na hira ba ne.

Masaukinmu a Nakkasa ne, unguwar da ke manne a jikin dutse, gidajen kwano da katako wani bisa wani, lunguna kamar hanjin kaza. Hausawa ne cike da ita, wasu kakanninsu suka zo da ƙafa. Mai gidanmu Gwaggo Zahara, a nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin Kano ba amma kullum sai ta ce "mu Kanawa". Hausarta rabi da rabi ce: "Ya binti, kawo moya, yalla, shayi ya yi barid." Shayin kuwa a wani ɗan kofi ake ba ka kamar magani. Da safe wake da mai, da rana shinkafa tana iyo cikin kitsen wutsiyar rago. Na tambayi ko ana yin fura, ta dube ni kamar na tambayi giya.

Ita ce ta ƙarasa tsorata ni. Ran farko ta zaunar da ni ta ce kada in kuskura in fita ni kaɗai. Ta lissafa mani 'yan mata da aka zo da su Hajji a da, ba su koma ba, suna can cikin manyan gidaje suna wanki, har sun manta sunan garinsu. "Yanzu hukuma ta hana, kalas," in ji ta. "Amma ke dai kada ki fita." Madalla da wannan kwantar da hankali.

Bayan mun sauko daga Mina zazzaɓi ya kayar da Kaka. Aka kai ta wurin likita, ya yi mata allura, zazzaɓi ya tafi. Sai ta rufe baki. Shinkafa a'a, wake a'a, shayi ta kurɓa sau ɗaya ta juya wa bango fuska. Kwana huɗu haka. Jirginmu saura kwana tara, in kuma muka rasa shi damina za ta rufe hanyar Cadi.

Abin da ya fi ba ni haushi, kowa murna yake. Maƙwabta na shigowa suna cewa, "Mabruk, tsohuwa ta yi sa'a." Gwaggo Zahara har ta fara bayanin inda ake wanka da inda ake binnewa, kamar mai shirya biki. Baffa ya ce, "Ki bar ta, Salame. Mutum nawa ke samun kabarin Makka?" Na ce, "Kai za ka faɗa wa Baba haka?" Ya ce shi zai tafi Harami, lokaci ya yi.

Ran na biyar da hantsi ina shafa mata ruwa a fuska, na ji ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Bakin nan ya mutu. Ko ɗan tsamiya babu a garin nan." Ta ankara na ji, ta rufe ido ta yi kamar barci.

Babu kowa a gidan. Na tsaya bakin ƙofa na fi minti goma, sannan na ja mayafi na fita neman tsamiya, ni da ban san sunanta da Larabci ba.

Na sauka dutsen, na bi inda na ga mata na bi da kwanduna. Ban kai kasuwar ba na ji ana kira a bayana, "Ya bint! Ya Takruniyya!" wato ke baƙar yarinya. Na waiga, wani mutum ne dogo, yana ɗaga hannu, yana ƙara sauri. Na ƙara sauri, ya ƙara. Na sa gudu. Na shiga lungu, na fita wani, takunsa na nan a bayana. Har yau ina jin wannan takun. Na zo wasu matakala na dutse, ƙafata ta zame, na gangara har ƙasa, goshina ya daki wata ƙofa. Ƙofar ta buɗe, hannu ya fito ya ja ni ciki, na ji an sa sakata.

Kada wadda ta tambaye ni abin da mutumin yake so. Wataƙila wani abu na yar yana so ya ba ni. Wataƙila ba haka ba. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Da idona ya washe, ga ni zaune a tabarma, jini na bin hancina. A gabana wata 'yar ƙaramar mace, fara, idanu sirara, tana yi mani murmushi. A hannunta wuƙa. Wallahi kamar Baffa ne ya zana ta. Ta goge mani goshi da tsumma, ta ba ni ruwa na ƙi sha. Sai ta nuna ni da wuƙar, ta ce, "Ban mi?"

Ku Maraɗawa ku faɗa mani, in mai wuƙa ta kulle ƙofa ta ce maki "ban mi", mi za ki fahimta? Na ce a raina, ta iya Hausa, tambayata take mi zan ba ta ta sake ni. Na cire 'yan kunnena na ajiye a gabanta. Ta dube su, ta dube ni, ta sake cewa, "Ban mi?" Na cire zobe. Ta girgiza kai. Na kwance bakin zane na fito da abin da ya rage mani a duniya, katin allurata, na miƙa mata da hannu biyu ina kuka ina cewa, "Shi ke nan, wallahi shi ke nan."

Ta karɓi katin tana juya shi. Sai na ga bakinta na motsi, karantawa take. Ta ɗago ta tambaye ni da Faransanci, tsaf kamar na malamarmu, "Ke kina jin Faransanci?"

Na ce ina ji.

Ta ce, "To don Allah mi ya sa kike tuɓe kayanki? Tambayarki nake ko za ki ci burodi."

Ban mi, da harshensu, burodi ne. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ban yi ba, tsoro bai sake ni ba sai da ta rungume ni ta daɗe tana bubbuga bayana.

Sunanta Maryam. Musulma ce daga wajen Saigon, nan Makka kowa Jawa yake ce masu, kamar yadda mu duka Takari ne, da Bahaushe da Bazabarme. Mijinta na ɗaukar karatu a Harami yana ɗinkin hula. Sun zo Hajji shekarun baya, yaƙi ya sake tashi a ƙasarsu, suka zauna. Faransancin a kicin ɗin wasu Turawa ta koye shi tana yarinya.

Wuƙar kuwa aiki take da ita kafin in faɗo mata a ƙofa. Ina zaune ta ci gaba. Ta ɗauko wani dogon burodi da suke kira samuli, ta ɗora a kan garwashi har bayansa ya yi ƙaras, ta tsaga shi ta gefe ba ta raba shi biyu ba, ta ƙwaƙule cikin ta ajiye. Ta shafa hantar rago da ta soya da albasa da man shanu ta daka har ta yi laushi kamar tunkuza. Ta buɗe wata kwalba, wani tsami ya bugi hancina har yawuna ya tsinke: karas ne da wata farar saiwa mai ɗan yaji, fijil, an yanka su sirara kamar tsinken ashana, sun kwana cikin wani ruwan tsami da suke kira khal, da sukari da gishiri. Ta jera su, ta sa kokwamba, da ɗanyen barkono, da wani ganye mai ƙamshi, kuzbara. Ta ce wannan ba na gaske ba ne, babu ruwan kifin ƙasarsu, in uwarta ta gani za ta tsine mata. Na gatsa. Kwana biyar ni ma ban san ɗanɗanon komai ba sai a lokacin.

Na ba ta labarin Kaka. Ba ta ce mabruk ba. Ita kaɗai ce a Makka ba ta ce ba. Ta haɗa wani, ta naɗe a takarda, ta ƙulle mani cikin burodin da ta ƙwaƙule tunda na ce tsohuwa ba haƙora, ta rufe fuska ta raka ni.

Muna isa ƙofar Gwaggo Zahara sai ga Baffa zaune cikin rigar kakinsa, ya tara mutane yana ba su labarin yadda na ɓata da yadda yake shirin fita nemana. Maryam ta tsaya cak. Shi ma ya ga idanunta, ya miƙe da fara'a ya jefa mata wata kalma, ashe cikin harsunan nan bakwai akwai guda na gaske. Ta dubi rigar, ta dube ni, ta ce da Faransanci, da ƙarfi yadda zai ji, "Masu irin wannan rigar ne suka ƙone jirgin ruwan babana, da gidanmu a ciki. Ba zan shiga ba. In kina son wani, kin san ƙofata." Ta juya ta sauka.

Baffa ya koma ya zauna. Daga ranar har muka iso Maraɗi ban sake jin kalmar Indoshin a bakinsa ba, rigar ma a ƙasan jaka ta dawo.

Na shiga wurin Kaka. Na san in na ce ci, ba za ta ci ba. Sai na zauna kusa da kanta, na buɗe takarda, na fara ci da ƙarfi, ƙaras, ƙaras. Ta yi kamar ba ta ji. Can hancinta ya motsa.

"Mi kike tuƙa haka kamar akuya?"

"Ba naki ba ne, Kaka. Na masu komawa gida ne."

"Mi ya sami goshinki?"

"Tsamiya na je nema."

Ta daɗe tana kallon goshin. Sannan ta ce, "Ɗan ɗiga mani a harshe, in ji abin da kika so ki kashe kanki a kansa."

Na dangwali ruwan tsamin da cikin burodi, na lakato hanta, na sa mata. Ta mamula, ta yamutsa fuska, ta ce, "Wannan ai abincin mahaukata ne. Ɗanyen ganye kamar na zomo." Ta sake buɗe baki.

Washegari ta ƙi shinkafa, ta ƙi wake, ta ce in dai dole ne sai an dame ta, a kawo na jiya. Maryam kuwa ta ce ba za ta zo ba. Don haka ni, mai tsoron inuwarta, kwana shida ina bin wannan lungu da waɗannan matakala, safe da la'asar. Baffa ya ce zai raka ni, na ce da wace fuska? Sai ya riƙa tsayawa daga saman dutse yana hango ni har in shige. Duk takun da na ji a bayana sai na waiga. Maryam ta koya mani yanka, ta buge mani hannu ya fi sau goma don ina yin karas kamar itacen girki. Ran da za mu tafi ta ba ni kwalba guda cike, na riƙe ta a cinya tun daga Jidda har Lubayya, inda ta ƙare. Kaka da ƙafarta ta hau jirgi, tana zagin matuƙa don tsanin ya cika tsayi.

Masu tambayar yadda ake yi a nan gida, ga shi, kada a sake tambayata. Burodin gidan burodi na bakin kasuwa ya fi samuli ma. Ruwan khal in babu, lemun tsami ya isa. Fijil ban samu ba, na gwada ɗanyen gwanda, ya yi. Gurji a madadin kokwamba. Kuzbara na zo da irinta na shuka bayan randa, kaji suka cinye. Hantar kada ta daɗe a wuta, kuma kada wadda ta ce mani za ta zuba daddawa.

Ranar da muka iso, Baba ya durƙusa gaban uwarsa a tasha yana hawaye. Ta dube shi ta ce, "Tashi. Na ce ka ba ni mai ɗaukar buta, ka haɗa ni da jandarma." Duk wanda ya zo yi mata barka sai ta nuna ni ta ce, "Ga ta nan. Ina bakin ƙofar Aljanna ta jawo ni da burodi." Mutane su yi dariya. Ni ba kullum nake dariyar ba, don na ga yadda take shafa akwatin nan in ta zaci ba mai kallo. Shekara nawa ta yi tana tanadin wannan kabari, ni na hana ta, kuma ba za ta sake ganin Makka ba.

Shekaranjiya ina daka mata hanta, tana zaune a tabarma tana sa mani ido, na ce, "Kaka, tsakani da Allah, kin yafe mani?"

Ta ce, "A'a."

Na ci gaba da daka.

Ta ce, "Kuma na jiya barkono bai ji ba."